"Ta Yi Nauyi": Kayan da Kwamfuta Take Ɗauka Tun Kafin ta Fara Aiki

Idan kwamfuta ta fara jan ƙafa, Bahaushe cewa yake yi ta yi nauyi. Na daɗe ina jin wannan furuci a bakin ɗalibai da masu shagunan buga takardu da ma'aikatan ofisoshi a Haɗejiya, kuma duk lokacin da na ji shi sai in ƙara yarda cewa harshenmu ya riga masu gyara gano ciwon. Nauyi ba ya saukowa daga sama. Wani ne yake ɗora kaya, abin da aka ɗora kuwa ana iya sauke shi. Wanda ya ce kwamfuta ta tsufa ya riga ya yanke mata hukunci, saura a kai ta kasuwa ko a tura ta ƙarƙashin gado. Amma wanda ya ce ta yi nauyi, ko da bai lura ba, ya bar wa kansa damar tambayar abin da aka ɗora mata da kuma wanda ya ɗora.

Wannan tambaya tana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda take da shi a ƙasashen da ake ƙera waɗannan na'urori. Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu ba sababbi ba ne. 'Yan Beljiyam ne, kamar yadda ake kiran su a kasuwa, ko da kuwa ba su taɓa ganin ƙasar Beljiyam ba. Sun gama aiki a wani ofishi na Turai ko Amurka, aka loda su a kwantena zuwa Legas, suka bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, suka sauka Kano a shagunan titin Beirut ko na Farm Centre, kafin wani ya saka ɗaya a jaka ya hau motar Haɗejiya. Wata ta shekara takwas, wata goma, wata ma fiye. A ɗaya gefen kuma buƙatar kwamfuta sai ƙaruwa take yi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ga Kwalejin Binyaminu Usman a cikin gari, ga Jami'ar Sule Lamiɗo da aka kafa a Kafin Hausa a 2013, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011. Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a ɗaya daga cikinsu sai ya rubuta kundin bincike, kuma zamanin kai wa mai tafireta rubutun hannu ya wuce. Saboda haka tsohuwar na'ura ce take ɗauke da sabuwar buƙata, kuma mai ita ba shi da halin sake wata.

Yana da kyau a san abin da ke faruwa a cikin waɗannan mintuna da mutum yake zaune yana kallon allo yana tsaki. Da zarar an danna maɓallin kunnawa, wata ƙaramar manhaja da ke dashe a jikin injin takan duba ko sassansa suna nan lafiya, sannan ta miƙa ragama ga Windows. Ita kuma Windows sai ta ɗebo kanta daga faifan ajiya ta zuba a ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, ta tayar da ƙananan manhajojin da masu gyara suke kira direbobi, waɗanda su ne suke magana da allo da sifika da madannai. Har zuwa nan babu abin zargi, domin duk aikin dole ne. Bayan mutum ya shigar da kalmar sirrinsa ne ake buɗe wata ƙofa, sai ga ayarin manhajoji da suka rubuta sunayensu a jerin masu tashi tare da kwamfuta. Ba wanda ya kira su a wannan safiya. Kowace ta shigo tana neman wurin zama a RAM, tana neman a karanto mata fayilolinta daga faifai, da yawansu kuma suna leƙa intanet su ga ko akwai sabon abu.

Nakan kwatanta wa ɗalibai RAM da tabarmar da mai kaya yake baje hajarsa, faifai kuma da rumbu. Abin da ke kan tabarma hannu kawai za a miƙa. Idan tabarma ta cika, sai Windows ta riƙa kwashe wasu kaya tana mayarwa rumbu, tana sake ɗaukowa idan an neme su. A kwamfutar da ke da RAM gigabait 4, Windows kanta ta cinye babban kaso tun kafin baƙi su iso. Rumbun kuma, a tsofaffin kwamfutocin cinya, faifai ne na gaske mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da wani siririn hannu da yake kai-komo a kansa yana karatu. Hannun nan guda ɗaya ne. Idan manhajoji goma sha biyar suka nemi a yi musu karatu a lokaci guda, abin ya zama kamar mutum goma sha biyar a bakin rijiya mai guga ɗaya, kowa yana fizge igiya. Ruwa yana nan, amma ba mai cika tulunsa da wuri. Mai kwamfutar, wanda shi ne ya sayi rijiyar, yana can ƙarshen layi.

Me ya sa masu ƙirƙirar manhajoji suke cusa kayansu a wannan jeri? Wasu suna so idan an danna manhajarsu ta buɗe nan take a yaba musu, alhali ta riga ta karɓi lokacinta tun da safe. Wasu suna so su riƙa sabunta kansu ba tare da an tambaye su ba. Wasu kuwa so suke su kasance a gaban idon mutum kullum, suna jefo masa sanarwa da talla. Dukansu an tsara su ne da tunanin gidan da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a auna shi da mudu. A nan kuwa data da kuɗi ake saye, sau da yawa ma daga wayar hannu ake jona wa kwamfuta, batir kuma a 'yan sa'o'in da aka samu wuta ake cika shi, ko a biya mai caji, ko a ƙona fetur. Sai kuma namu na gida. Mai sayar da kwamfuta a kasuwa yakan zuba wa mai saye manhajoji barkatai a matsayin gyara, kamar yadda mai tumatir yake ƙara biyu a kan kashi: manhajar kallon fim iri uku, ta sauko da bidiyo, ta haɗa waya da kwamfuta, riga-kafin cuta har biyu. Da kyakkyawar niyya yake yi, mai saye ma yakan tafi yana murna an cika masa ita da kaya. Sai dai wannan gyara tana tashi da shi kowace safiya har ƙarshen rayuwar na'urar.

Duk ɗan ƙasar Haɗejiya ya san wani abu mai kama da wannan, domin yana ganin sa a kogi. Dattawanmu suna ba da labarin cewa a da kogin Haɗejiya mai lokaci ne. Da damina ya cika ya batse ya malale fadama, a shuka shinkafa, a kama kifi; da rani ya janye ya bar yashi da 'yan tafkuna, makiyaya su sauko da dabbobinsu. Aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Madatsun nan sun kawo noman rani da ruwan sha ga Kano, ba mai musun haka. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin: ambaliyar shekara ta ragu, kuma ana sakin ruwa har cikin rani, wuraren da suke bushewa ƙayau suka koma suna da danshi wata goma sha biyu. Kacala kuwa ba abin da take so irin ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, iska kuma tana ɗaukar irinta. Inda ta yi duhu gudun ruwa yakan ragu, laka ta kwanta, hanya ta ƙara cikewa, kacalar ta ƙara samun wurin zama. Da haka Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Wasu garuruwa a yankin Guri da Kirikasamma ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma suna kallon busasshiyar hanya inda iyayensu suka yi su. Tsuntsayen jan baki suka samu masauki a cikin duhuwar, suna fita da safe su faɗa wa shinkafa da gero.

Ban kawo wannan don in daidaita hasarar manomi da ɓacin ran mai kwamfuta ba. Nisan da ke tsakaninsu ya fi gaban kwatance. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda toshewar take faruwa. Baƙon da ya tsaya a bakin Burum Gana zai iya cewa kogin ya mutu, alhali ruwa bai ƙare ba, wani abu ne ya zauna a hanyarsa. Kuma abin bai zo rana ɗaya ba, balle a ce ga ranar da aka yi ɓarna. Tsiro ɗaya ne bayan ɗaya, kowane bai kai a damu da shi ba. Haka jerin masu tashi tare da kwamfuta yake cika. Har ma akwai wani kamanci da ban zata ba. Tun daga Windows 8 aka shigo da wani tsari mai suna Fast Startup, wanda idan mutum ya kashe kwamfutarsa sai ta rufe manhajojinsa amma ta adana cibiyarta a faifai yadda take, gobe ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wato kwamfutar ba ta samun raninta. Wanda yake so ta bushe sarai ta fara daga tushe, Restart zai danna. Na sha ganin na'urar da mai ita yake rantsuwa yana kashe ta kullum, amma lissafinta yana nuna ta yi makonni ba ta huta ba.

A bara, ana tsakiyar rubuta kundi, 'yar ƙanwata ta zo mini da tata kwamfutar a cikin jakar goyo. Mahaifinta manomin shinkafa ne a wajen Auyo, kuma na san buhunan da suka fita daga ɗakinsa kafin wannan na'ura ta shigo gidan. Bayan mun gaisa ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Kawu, kwamfutar nan ta gaji. Mai gyara ya ce ko dai a yi mata fomatin, ko in haƙura in nemi wata." Saura mako uku ta miƙa aikinta. Babi huɗu na kundin suna ciki, ba su kuma ko'ina sai a cikinta. Neman wata kuwa magana ce da ba ta iya kai wa mahaifinta ba, shi ya sa ta biyo ta wurina.

Na ce ta kunna, na ɗauki wayata ina auna lokaci. Daga danna maɓalli zuwa lokacin da manhajar rubutu ta yarda ta buɗe, mun kusa minti bakwai. Batirin kuma, a faɗarta, minti arba'in yake yi idan an cire caji. Kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinta ke nan yana tafiya a zaman jira, a gidan da ba a san lokacin dawowar wuta ba. Kafin mu taɓa komai na sa ta kwafe babobin nan huɗu a filashi, ta kuma aika wa kanta su ta imel. Wannan shi ne farkon kowane gyara, komai ƙanƙantarsa, kuma mai gyaran da ya fara aiki bai tambayi inda aka ajiye kwafi ba, a ɗauke masa na'ura.

Daga nan na ce ta danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Sai tagar nan da Windows ta sa wa suna Task Manager ta fito. A Windows 10, wadda ita ce a kanta, akwai shafuka a jere a sama, ɗaya daga ciki an rubuta Startup. A Windows 11 an mayar da shi gefen hagu da sunan Startup apps. Masu tsohuwar Windows 7 sai sun bi ta wata hanya da ake kira msconfig, domin sai a 2012, da fitowar Windows 8, aka dawo da jerin nan inda kowa zai gan shi. Ta danna, sai ga sunaye goma sha tara. Ta yi shiru tana karantawa, sannan ta ce, "Wallahi Kawu, huɗu kawai na sani a ciki." In ba ƙira, me ya ci gawayi? Ga manhajar taron bidiyo da ba ta taɓa buɗewa ba, ga ta sauraren waƙa, ga ta wata firinta da ba a taɓa gani a gidansu ba, ga masu sabunta wasu manhajoji har uku, ga wata mai iƙirarin ƙara wa kwamfuta gudu, wadda ita kanta tana cikin manyan masu danne ta. Ga kuma riga-kafi biyu, ɗaya wa'adinsa ya ƙare tun tuni, ba abin da yake yi sai roƙon a biya shi.

A gefen kowane suna Windows takan rubuta nauyinsa, kuma ma'aunin ba ƙiyasi ba ne. Wanda ya ci fiye da daƙiƙa ɗaya na lokacin furosesa, ko ya sa aka yi masa karatu da rubutun da ya haura megabait 3 a faifai, shi ake rubuta wa High. Wanda bai kai kashi uku cikin goma na daƙiƙa ba, bai kuma kai kilobait 300 ba, shi ne Low. Na tsakaninsu Medium. Daƙiƙa ɗaya ba ta da yawa a kunne, amma ita ce ƙaramar iyaka. Wasu suna ninka ta sau da dama, kuma duk a bakin rijiya ɗaya suke.

Na ƙi karɓar linzamin daga hannunta. Na ce ita za ta danna, ni nawa tambaya ce, kuma tambayar ɗaya ce a kan kowane suna: idan kin kunna kwamfuta da safe, kina buƙatar wannan ya riga ki tashi? Inda ta ce a'a, sai ta zaɓi sunan ta danna Disable. A na farko hannunta ya tsaya. Ta ce, "Idan na danna ba za ta goge ba?" Wannan tsoro shi ne yake hana yawancin mutane taɓa jerin, kuma ba shi da tushe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Manhajar tana nan daram a faifai, duk ranar da aka neme ta za ta buɗe. Abin da aka hana ta kawai shi ne shigowa ba sallama. Idan kuma aka ga an yi kuskure, wurin da aka danna Disable zai koma Enable, a mayar da ita.

Duk da haka ba kowane tsiro ne a bakin kogi kacala ba, kuma mai sassabe da ido rufe yakan sare abin da zai nema gobe. Akwai sunaye a jerin da suke kula da sauti, da faifan da ake shafawa da yatsa, da maɓallan ƙara haske, da tsaron Windows. Waɗannan muka bar su. Hanyar gane su ita ce duba sunan kamfanin da ke gefe: idan na wanda ya ƙera injin ne ko ɗaya daga sassansa, a yi hattara. Wanda ba mu gane ba, muka danna shi da ɓangaren dama na linzami muka zaɓi Search online, muka karanta abin da aka ce a kansa. Biyu sun gagare mu, muka ƙyale su, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ɗaya kuwa ba shi da sunan kamfani ko kaɗan, kuma da muka bi sawunsa sai muka tarar yana zaune a wani lungu da manhajar kirki ba ta zama. Bincike ya nuna cutar nan ce da take bin filashi daga shagon buga takardu zuwa wani, tana ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu. Wannan hana shi tashi bai wadatar ba, sai da muka cire shi. Riga-kafin da ya mutu ma muka tumɓuke shi gaba ɗaya, tare da ɗan'uwansa, domin Windows tana da nata wanda yakan ja da baya idan ya ga an saka wani, ya kuma dawo aiki idan an cire. A ƙarshe na nuna mata inda ake gaya wa Windows cewa intanet ɗin da take jonawa na awo ne, wato Metered connection, don ta rage ɗibar data a ɓoye.

Da muka danna Restart, ba ta kai minti biyu ba ta buɗe babi na huɗu. Ba ta zama sabuwa ba. Har yanzu idan an buɗe shafukan intanet da yawa takan yi nishi. Amma ta isa a gama kundi da ita, kuma an gama. Duk aikin bai ci rabin sa'a ba, bai kuma ci ko kwabo ba.

Ba na ganin mai gyaran nan a matsayin macuci. Fomatin yana aiki, kuma dalilin da ya sa yake aiki shi ne yana share jerin nan tare da duk abin da ke cikin na'urar, kamar mai ƙona gona don ya kashe ciyawa. Matsalar ita ce da ya gama sai ya ɗauko filashinsa ya sake zuba irin gyarar da ta jawo nauyin tun farko, bayan 'yan watanni mai kwamfuta ya dawo. Abin da aka koya masa ke nan, kuma shi ne abin da ake biya. Babu mai biyan kuɗi don a danna masa Disable sau goma sha biyu. Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗan ilimi, da bai fi a koyar da shi a darasi ɗaya ba, yana kulle a cikin Ingilishi. Muna koya wa ɗalibai tarihin kwamfuta da rabe-rabenta, su haddace su rubuta a jarrabawa, su fita ba su taɓa buɗe Task Manager ba. Akwai fassarar fuskar Windows da Hausa, amma ban cika ganin mai amfani da ita ba, kuma ko da an fassara sunan maɓalli, ba a fassara dalilin danna shi ba. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan sassan Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan sassan kimiyyar kwamfuta.

Sannan share jerin ba aikin sau ɗaya ba ne. Mutanen bakin Marma sun san cewa kacalar da aka yanke a aikin gayya, muddin saiwarta tana cikin laka, za ta sake tohowa. Shi ya sa har gwamnati ta kai ga sayo injinan da suke shiga ruwa su tono ta. Wasu manhajoji idan sun sabunta kansu sukan mayar da sunansu cikin jeri, kowace sabuwa da aka saka kuma tana iya zuwa da nata. Wasu ma ba sa bayyana a Task Manager ko kaɗan, sun ɓuya a cikin ayyukan da aka tsara wa lokaci ko a cikin hidimomin Windows. Mai son ganin saiwar akwai wata manhaja kyauta mai suna Autoruns, daga cikin kayan Sysinternals na Mark Russinovich da Microsoft ta saye a 2006. Tana baje komai a fili, ɗaruruwan layuka. Ba na ba sabon shiga shawarar ya taɓa ta, domin a can ana iya kashe abin da zai hana kwamfutar tashi ɗungurungum.

Akwai kuma nauyin da ba na kaya ba ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Haɗejiya yake haura digiri 40, furosesa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe fankar ciki, ko an ɗora kwamfutar a kan katifa an rufe mata hanci. Wannan sai an buɗe an busa. Faifan da ya fara lalacewa ma yakan jawo jinkiri, kuma alama ce ta a kwashe kaya da gaggawa. Wanda yake da ɗan hali, babu abin da zai sauya tsohuwar na'ura irin musanya faifai mai juyawa da SSD, wanda ba shi da hannu mai kai-komo, saboda haka layin bakin rijiya ya watse. Amma ko wannan ya kamata ya zo ne bayan an duba jerin, domin bai dace a fara da abin da ke cin kuɗi ba alhali na kyauta yana nan ba a gwada ba.

Wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya yi kuka tun a 1995 cewa manhajoji suna ƙara kumbura da saurin da ya fi ƙaruwar ƙarfin injina. Lissafi ya gaskata shi. Windows 95 tana iya tashi da RAM megabait 4. Windows 11, da ta fito a 2021, mafi ƙarancin abin da take nema gigabait 4 ne, ninki dubu ke nan, alhali wasiƙa da kundi da ake rubutawa ba su sauya ba. Yanzu kuma, daga 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da mafi yawan 'yan Beljiyam ɗinmu ba za su cika ba. Na'urorin za su ci gaba da kunnuwa, amma garkuwarsu za ta riƙa tsufa. Wasu za su koma Linux, wadda take da nau'o'i marasa nauyi da aka yi domin tsofaffin injina. Da yawa kuwa za su ci gaba a haka, kuma a gare su kowane megabait da aka ƙwato daga hannun baƙin safiya yana da daraja.

A shawarwarin da ake rubutawa a ƙasashen waje akan jera sunayen manhajojin da aka ce ba su da amfani a kashe su. Ban yarda da irin wannan jeri ba, domin amfani yana bin mai kwamfuta ne da aikinsa. Malamin da yake ajiye rubuce-rubucensa a intanet yana buƙatar manhajar da take kwafe su ta tashi da wuri. Mai shagon buga takardu yana buƙatar ta firinta. A tawa kwamfutar abubuwa huɗu na bari: na tsaro, na sauti, na faifan yatsa, sai wata ƙaramar manhaja mai suna Keyman. Wani masanin da ya taɓa leƙa jerina ya nuna ta da yatsa ya ce wannan ma ai a kashe ta. Na buɗe masa shafi na ce ya rubuta mini ɓarawo da ƙofa da ɗaki, sai ya tsaya yana laluben madannai. Da ita nake samun ɓ da ɗ da ƙ, kuma ina so in same su a shirye tun kafin in rubuta kalmar farko.